Tsakuwa na fasa mana fitilar babur: raga za a sa ko me?

Ɗan Dakace:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga bakanikai da masu walda da ke cikin nan. Kullum daga Dakace nake shigowa cikin Zariya da babur ɗina Boxer, kuma kun san yadda tifofin yashi da tsakuwa ke kai da kawo a hanyar Jos. Jiya da yamma wata tifa ta harbo tsakuwa, sai ji na yi ƙas, gilashin fitilata ya tsage daga gefe har tsakiya. Ƙwan bai mutu ba, amma da aka yi ruwan dare, da safe na tarar da gumi a cikinta. Ina ganin wasu suna sa ragar ƙarfe a gaban fitila. Tana aiki kuwa, ko ado ne kawai? Ina so in sani kafin in sayi sabuwa, kada in yi asara biyu.

Ɗan Acaɓan PZ:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ka gode Allah fitila ta samu ba idonka ba. Shawarata kada ka sa. An taɓa yi min ita, na cire. Da rana ga kyau, kowa sai ya waiwaya, amma dare na yi sai ka ga layi-layin inuwa a kan titi, rami ya laɓe a cikinsu. Mu da muke aiki har bayan isha'i, haske ne jarinmu.

Mai Walda Sabon Gari:
Oga PZ, wanda ya yi maka ce bai iya ba. Na san irinta, rodi ake yankawa a gicciya guda huɗu ko biyar, a manna da jikin fitilar. Rodi mai kauri dole ya yi inuwa. Siririyar waya ba ta zana layi a titi, ɗan rage hasken kawai take yi.

Ga yadda nake yi. Zobe nake lanƙwasawa da ƙaramin rodi, ya ɗan fi bakin fitilar faɗi, sannan in shimfiɗa siririyar raga a cikinsa. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne tazara. Tsakanin raga da gilashi ya zama yatsa biyu za su shiga. In dutse ya bugi raga, lotsawa take yi ciki. Idan tana manne da gilashin, ita da kanta za ta isar masa da dukan. Kuma babur jijjiga yake yi, raga mai taɓa gilashi goge shi za ta yi ta yi har ta bar masa zane. Hannuwanta biyu kuma a kusoshin gefe da ke riƙe da fitilar nake ɗaure su, in yanka tsohon tif in sa a tsakani don kada ta riƙa ƙara.

Fenti kuma baƙi marar ƙyalli. Wanda ya shafa mata farin azurfa don ado, hasken ne zai riƙa dawo masa ido.

Ɗan Acaɓan PZ:
To ƙananan tsakuwa fa? Ai ta ƙofofin za su shige.

Mai Walda Sabon Gari:
Za su shige mana. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma wadda ta isa ta bi ƙofar ba ta cika fasa fitila ba, sai dai ta bar ɗigo. Mai fasawa ita ce tsakuwar gini, rabin inci da tiri-kwata, su ragar take tarewa.

Malamin Samaru:
Ku duka biyu kuna da gaskiya, kuma ana iya auna abin. Ɗauki ragar da kaurin wayarta milimita 2 ne, ƙofarta milimita 12. Kowane gida faɗinsa 14 ke nan, amma 12 ne kawai haske ke bi. 12 sau 12 ya ba da 144, 14 sau 14 ya ba da 196. Wato kashi 73 cikin 100 na fuskar fitilar ne a buɗe, fiye da rubu'i ƙarfe ya rufe. In ka koma waya mai milimita 1 da ƙofa mai milimita 10, lissafin ya zama 100 bisa 121, kusan kashi 83 a buɗe. Ka ga wayar ta fi siriri, ƙofar ta fi ƙanƙanta, amma haske ya fi fita. Tsakuwar tiri-kwata kuwa milimita 19 ce, rabin inci kusan 13, duk ba za su bi ƙofar milimita 10 cikin sauƙi ba.

Don haka in za a sa raga, kaurin waya za a fara dubawa, ba girman ƙofa ba.

Bakanon Cikinku:
Zage-zagi ke nan. Tambayar fitilar babur ma sai an ɗauko allo da alli.

Ɗan Acaɓan PZ:
Kai da aka hana acaɓa a garinku tun 2013, me ka sani a harkar babur? Je ka ba 'yan Adaidaita Sahu shawara.

Malam, lissafinka ya yi, kuma ni ya goya wa baya. Kashi 17 ɗin ma da ka ce ana rasawa, a ina zan samo shi? Ƙwan da ke cikin baburanmu wat 35 ne. Da yawansu kuma wutar kai tsaye daga kwayil take zuwa, wato abin da ke samar da wuta a injin, kana sassauta totur haske ya yi dishi-dishi. Ka bi hanyar Giwa bayan magariba, ka wuce Shika, babu fitilar titi, ga shanu, ga masu keke babu ko tocila. A nan wurin ba ni da hasken da zan yi kyauta da shi.

Na Hanwa:
Ai mai sauƙi ne. A sa raga, sannan a sa ƙwai mai ƙarfi, wat 55 ko 60 irin na mota. Shi ke nan an rama.

Bakaniken Kwangila:
Don Allah ƙanena kada ka koya wa mutane wannan. Irin wannan aikin shi ke dawowa garejinmu kullum. Kwayil ɗin ƙaramin babur ba zai iya ciyar da wat 60 yadda ya kamata ba, sai ka ga hasken ya yi ja maimakon ya ƙaru. In kuma an ja masa wuta daga batir, batirin ya riƙa sauka, zafin ƙwan ya narkar da mazauninsa, ya ƙona kwanon nan mai ƙyalli na ciki, don yawancinsu roba ne aka shafa wa alminiyam. Kana gudun fasa gilashi, ka lalata fitilar ɗungurungum. Mai son ƙarin haske ya nemi ƙwan LED mai kyau, shi ma sai an duba ko wutar babur ɗin za ta karɓe shi, kuma a daidaita shi don kada ya riƙa kashe wa na gaba ido.

Ɗan Dakace, kafin maganar raga, ceci wadda ke hannunka tukuna. Wannan gumin da ka gani shi ne babbar matsalarka, ba tsagewar ba. Ruwa in ya zauna a ciki, ƙyallin kwanon yake ci, kuma in ya dusashe ba ya gyaruwa. Kwance fitilar, zare ƙwan, ka ajiye ta a rana da ramin ƙwan a buɗe har ta bushe sarai. Kada ka zura tsumma ka ce za ka goge kwanon, shafin siriri ne ƙwarai, a jikin tsumman zai fito. Kada kuma ka kama gilashin ƙwan halojin da yatsa, maiƙon hannu yana sa wurin ya ɗau zafi fiye da sauran, ƙwan ya mutu da wuri. Ta gindin ƙarfen ake kama shi. In ta bushe, sai ka bi tsagar ta waje da farin silikon, siriri.

Ɗan Dakace:
Na gode Oga. Sufagulu fa? Shi na yi niyyar sawa.

Bakaniken Kwangila:
A'a. Tururinsa fari yake bari a jikin roba, wurin ya yi hazo har abada. Kuma idan kana sa silikon ɗin, akwai 'yar ƙofar shan iska a bayan wasu fitilun, kada ka toshe ta. Mutane suna ganinta su zaci ta nan ruwa ke shiga, alhali ta nan gumin ke fita idan ƙwai ya yi zafi.

Wani abu kuma, muna ce masa gilashi ne kawai, amma yawancin baburan yanzu roba ce a fuskar fitilar. Ƙwanƙwasa da makulli za ka ji bambanci, gilashi yana yin ƙara mai kaifi kuma sanyi gare shi a hannu. Tsofaffin Vespa da Suzuki su ne masu gilashin gaske mai zane-zane. Shi gilashi ba ya karcewa da wuri amma tarwatsewa yake yi, kuma in ya yi zafi ka watsa masa ruwan sanyi yana iya tsagewa ba tare da dutse ya taɓa shi ba. Roba tana jure duka, sai dai tana karcewa, rana kuma tana mai da ita ruwan ɗorawa.

Na Hanwa:
Ni faffaɗan salatif na naɗa wa tawa, har yanzu lafiya lau.

Malamin Samaru:
Salatif zai riƙe tarkace in ta fashe, iyakarsa ke nan. Ranar Zariya da zafin ƙwai za su gasa gam ɗinsa a jikin robar, ranar da ka zo ɓarewa sai ka nemi fetur ko tina ka goge, su kuma su ne manyan maƙiyan robar fitila. Ana kiran wannan robar polikabonet. Tana da ƙarfin ɗaukar duka sosai, amma fetur da tina suna sa ta dusashe ta yi ƙananan tsage-tsage. Yaran wankin babur da ke goge fitila da tsumman da ya sha fetur, ku hana su.

Akwai ledar da aka yi don wannan aikin, irin wadda masu kwalliyar mota ke manna wa fitilu da gaban mota. Garai take, tana da danƙo, wadda aka fi samu kaurinta kamar kashi 1 cikin 5 na milimita. Tana maganin ɗigo-ɗigon yashi da ƙananan tsakuwa, waɗanda ragar Oga ba ta tarewa, kuma kusan ba ta cin haske. Amma dutse babba ba ya jin ta. Sai dai a kiyayi mai launi, baƙa ko shuɗiya da samari ke so, wannan kashe fitila ne da hannunka.

Ɗan Gyallesu:
Ni ga abin da na yi, ku gaya min ko daidai ne. Masu rubuta allon shago suna da farar roba garai, na sa aka yanka min zagaye, na huda ta, na ɗaura a gaban fitilar. Haske yana fita tas, ba inuwa.

Malamin Samaru:
Dabara ce mai kyau, sai dai ka bincika wace roba aka ba ka. Ta masu allo yawanci akirilik ce. Haske yana ratsa ta sosai, kusan kashi 92 cikin 100, kuma rana ba ta saurin sauya mata launi, amma gautsi gare ta: dutse mai ƙarfi zai fasa ta ta yi kaifi. Polikabonet tana barin kusan kashi 88 zuwa 90, ta fi ta jure duka nesa ba kusa ba. Gwajin mai sauƙi ne. Karɓi guntun da ya rage ka lanƙwasa da filaya: akirilik karyewa za ta yi ƙas, polikabonet lanƙwasuwa za ta yi ta ƙi karyewa. Kauri milimita 3 ya isa. Ramukan kusa kuma a yi su su ɗan fi kusar faɗi, a sa roba a tsakani, in ba haka ba daga bakin ramin tsaga za ta fara.

Gilashin gaban hular kwano ma yawanci polikabonet ne, shi ya sa wasu ke yanka tsoho su yi murfi da shi. In bai karce ba, babu laifi.

Ɗan Acaɓan PZ:
Ɗan Gyallesu, yanzu damina ce shi ya sa kake jin daɗinta. Bari hunturu ya shigo. Ƙura za ta shiga tsakanin robar da fitilar, ta kwanta a fuska uku maimakon ɗaya, kuma hannu ba ya shiga wurin. Kana kunna fitila duk ƙurar nan ta ɗau haske, gabanka ya yi fari fat, titin kuma duhu. Na ga masu irinta a tashar Kwangila suna tsaye suna zura tsinke da tsumma.

Mai Walda Sabon Gari:
Wannan gaskiya ne. Duk abin da za a sa, raga ko roba, a yi shi yadda za a iya kwancewa a wanke. Shi ya sa ba na yarda in yi walda a jikin babur. Wasu sukan ce in liƙa ta kawai da wuta a huta. Ba na yi. Ga tankin mai a kusa, ga tartsatsi da ke cin robar fitila, ga wutar walda da ke iya kashe CDI, ɗan akwatin da ke ba filogi wuta. A ƙasa nake haɗa ta, ta huce, a yi fenti, sannan a ɗaura da noti.

Tsohon Direba Tudun Wada:
Yara, na karanta duk abin da kuka rubuta, amma har yanzu ba wanda ya tambayi daga ina tsakuwar take fitowa. Na yi shekaru ina jan babbar mota, bari in gaya muku abin da ke faruwa a bayanta, tunda direba ba ya gani, ku kuke gani.

Na farko lodin da aka cika har ya yi tozo ba a rufe da tamfol ba. Kowane rami motar ta faɗa, sai ta zubar. Na biyu ƙofar baya ta bodi, in ta tsufa ba ta rufuwa ruf, tsakuwa tana tsiyaya ta ƙasanta tun daga wurin lodi har wurin juyewa. Na uku zanen taya, yana cafke ƙananan duwatsu a hanyar burji, da an hau kwalta an ba ta wuta sai ya riƙa harbo su. Wanda ya fi duka haɗari shi ne dutsen da ke maƙalewa tsakanin tagwayen tayoyin baya. Wannan yakan kai girman dunƙulen hannu, kuma ranar da ya fita ba ragar da za ta tare shi. Mu a da, kafin mu tashi daga wurin lodi sai yaron mota ya zagaya da ƙarfe ya ciro su. Robar nan da ke rataye a bayan taya ita ke kwantar da yawancinsu ƙasa. Ku duba, tifa nawa ke da ita yanzu?

Ni abin da ke ba ni mamaki, sai in ga ɗan babur ya manne wa tifa, daidai saitin taya, wai yana fakewa daga iska. Ɗana, ja baya. Tsakuwar da ta faɗo, tsallen farko ne mai tsawo, shi ke kai wa fitila da fuska. In ka ba da rata, kafin ka iso ta gama tsalle tana gangarawa a ƙasa.

Ɗan Acaɓan PZ:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka dutse ce. Amma a cikin gari ba ta yiwuwa. Daga PZ zuwa Kwangila ka bar rata, kafin ka ƙifta ido babura uku da Keke sun cike ta. Fasinja kuma yana bayanka yana cewa ya makara.

Tsohon Direba Tudun Wada:
A cikin gari ai ba gudu ake yi ba, tsakuwar ba ta da ƙarfi. Inda take ɓarna shi ne bayan gari, hanyar Jos, hanyar Funtuwa, hanyar Kano, kuma a can ba mai cike maka rata. Fasinjan da ya makara kuma ba shi zai saya maka fitila ba.

Malamin Samaru:
Baba ya kawo mu gindin maganar. Ƙarfin dukan dutse ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin dukan ninkawa huɗu yake yi. Tsakuwar da ta faɗo daga motar gabanka, da ta bugi ƙasa gudunta ya ragu, kai ne kake zuwa ka same ta da naka gudun. Mai tafiya kilomita 80 a awa, dukan da fitilarsa za ta sha ya ninka na mai tafiya 40 sau huɗu. Motar da ke tahowa ta gabanka kuwa ta fi muni, don gudunku haɗuwa yake yi: kana 60 tana 60, abin da ya zubo daga kanta yana iya samunka da 120. Shi ya sa in ka hango tifa tana tahowa a inda aka zuba tsakuwa ana gyaran hanya, sassautawa da raɓewa gefe ya fi kowace raga.

Ratar kuma ga yadda za a auna. A kilomita 60, babur yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa 3 mita 50 ke nan. Ka sa ido a kan wani turken lantarki ko bishiya, motar na wucewa ka fara ƙirga a natse. In ka iso wurin kafin ka kai uku, ka matse ta da yawa.

Na Hanwa:
Duk wannan da an gyara hanyoyi an hana tifa yawo ba tamfol, da ba mu zauna muna wannan dogon zance ba. Amma su waye za su hana? Kowa ya san yadda ake yi.

Admin:
Na Hanwa, a tsaya a kan fitila don Allah. Siyasa tana da nata zauren.

Maman 'Yan Biyu:
Salamu alaikum. Ni ba na tuƙi, amma kullum a babur ake kai min yara makaranta, kuma ƙaramin a gaba ake ɗora shi a kan tanki. Ina roƙon masu walda, in za ku yi ragar nan ku dubi bakin ƙarafunan. Na ga wata a bakin Ƙofar Doka, wayoyin sun fito tsirara ta gefe, har ta kama hijabin wata baiwar Allah da ke wucewa ta yage shi. Da yaro ne ya gifta fa? Daidai fuskarsa take. Sannan duk kuna ta maganar kare fitila, dutsen da ya fasa fitila in ya ɗaga sama kaɗan idon mai tuƙi ne ko na ɗana.

Mai Walda Sabon Gari:
Hajiya, kin yi gaskiya. Amfanin zoben da na ambata ke nan, duk bakin waya a jikinsa yake mutuwa, sannan a bi da garanda a goge har hannu ya shafa bai ji kaifi ba. Wanda aka yanko masa raga da almakashi aka ɗaure da waya, ba aikin mai walda ba ne.

Tsohon Direba Tudun Wada:
Maganar ido kuwa, tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano. Ku leƙa titi ku ƙirga masu ita. Ko don tsakuwa da ƙwarin dare, mai bin bayan gari ya nemi mai gilashi a gaba. Yaro kuma a kan tanki, 'yata, in da hali a mai da shi tsakiya.

Ɗan Gyallesu:
To yanzu wanda ya riga ya sa, ta yaya zai gane ko abin ya ɓata masa haske?

Bakaniken Kwangila:
Da daddare ka sami bango a wuri mai shimfiɗe, ka tsaya kamar taku goma daga gare shi, kana zaune a kan babur ɗin. Auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, ka sa alama da gawayi a bangon daidai wannan tsayin. Kunna dim. Saman hasken ya kamata ya tsaya ƙasa da alamar kaɗan. Duba shi da ragar, sannan ka kwance ta ka sake dubawa a wuri ɗaya, totur ɗaya. Sau da yawa ma ba ragar ce ke cin hasken ba, wurin ɗaura ta ne aka kwance kusoshin gefe, fitilar ta ɗaga kai sama ko ta sunkuya, aka ɗaure ta a haka.

Ɗan Acaɓan PZ:
Wannan gwajin zan yarda da shi. Oga mai walda, in kana da wadda ka gama ta siririyar waya, zan biyo bayan isha'i mu gwada a bangon shagonka. In na ga layi ko ɗaya ba zan saya ba.

Mai Walda Sabon Gari:
Akwai ta Boxer guda ɗaya, fenti ne bai bushe ba. Bari sai jibi, kuma ka wanke fitilar da ruwa da sabulu kafin ka zo, kada ka ɗora wa ragata laifin ƙura.